Bincike a intanet da zaman tafakkuri: amsa ga wata ɗaliba

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce mai karatun digiri na biyu, kuma kusan duk bincikena a intanet nake yinsa. Ina wuni ina buɗe shafuka, amma da dare sai in ji kaina ya cika dam, zuciyata kuwa wayam. A aji an koyar da mu falsafar kyawawan ɗabi'u ta su Aristotil, aka ce a wurinsu rayuwar tafakkuri ita ce mafi ɗaukaka. Shin wannan falsafa tana da abin faɗa wa mai bincike da waya da kwamfuta, ko dole sai na rabu da su kafin in samu natsuwa?

Amsa: Malama, ba sai kin rabu da su ba. Amma abin da kike ji da daren nan kada ki raina shi, jiki magayi ne, kuma yana gaya miki gaskiya. Na daɗe ina koyar da falsafar ɗabi'a ina duba ayyukan ɗalibai, kuma kukan nan naki na sha jinsa a bakin mutane masu ƙwazo, ni ma na yi shi.

Masu nazarin ɗabi'a ba tambaya ɗaya suke yi ba. Wasu suna tambayar mene ne wajibi a kaina, wasu suna tambayar wane aiki ne zai fi haifar da amfani. Mazhabar da kika ambata tambayarta daban ce: wane irin mutum nake zama da abin da nake yi kullum? Tsohuwar tambaya ce, ta yi barci na ɗan lokaci a jami'o'in Turai, sai Elizabeth Anscombe ta tashe ta da wata maƙala a 1958, Alasdair MacIntyre ya ƙara mata ƙarfi a 1981, sannan a 1996 Linda Zagzebski ta ɗauke ta ta kai ta fagen neman sani. Ma'ana, yadda akwai jarumta da kyauta a mu'amala, haka akwai nagarta da rashinta a yadda mutum yake neman gaskiya. To idan kika ɗora wannan tambaya a kan aikinki, sai ki ga kin tashi daga tambayar ko shafin nan gaskiya ya faɗa, kin koma tambayar abin da wunin nan na bincike ya mayar da ke.

Aristotil, masanin falsafa na ƙasar Girka wanda ya rasu shekara 322 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ce kyakkyawan hali ba a haihuwar mutum da shi, da sabo ake samunsa. Da yin gini mutum yake zama magini, da yin adalci yake zama adali. Mutane sukan tsaya a nan, alhali ya ƙara wata magana da ta fi shafarki: da gini dai ɗin ne ake zama mugun magini, idan ginin banza aka saba yi. Hanya ɗaya ce take kai wa ga gyara da ɓaci. Ibn Miskawaih, wanda ya rasu a 1030, ya bayyana ɗabi'a a littafinsa Tahzibul Akhlaƙ da cewa wani yanayi ne da ya zauna a rai, har aiki ya riƙa fitowa daga gare shi ba tare da tunani ko shawara ba. Ki duba hannunki lokacin da yake kai wa ga waya kina tsakiyar karanta sakin layi mai wuya. Ba ki yanke shawara ba, hannun ne ya tafi da kansa. Wannan ɗabi'a ce cikakkiya, kuma ke kika koyar da ita, latsawa bayan latsawa. Ana cewa hali zanen dutse ne, amma Imam Gazali ya yi raddi ga masu cewa hali ba ya canzawa: da haka ne, in ji shi, da wasiyya da wa'azi da tarbiyya duk sun zama aikin banza. Zanen yana da zurfi, gaskiya ne, sai dai yau da gobe ce ta zana shi, kuma ita ce za ta iya sake shi.

Bari in ba ki labarin abin da ya faru da ni. Akwai wata jimla da take yawo a intanet da sunan Aristotil, cewa mu ne abin da muke maimaita yi, don haka nagarta sabo ce. Na ci karo da ita, ta burge ni, ta dace da abin da nake koyarwa tamkar an auna, na rubuta ta a saman takardar darasina. Shekara da shekaru ina karanta wa ɗalibai ita. Wata rana wani ɗalibi da yake zama can baya ya ɗaga hannu ya ce, Malam, a wane babi take? Na ce zan duba. Da dare na ɗauko littafin Aristotil na ɗabi'a na bi babi na biyu layi-layi, ma'anar tana nan amma jimlar babu ita. Na koma injin bincike, shafuka bila adadin suna maimaita ta da sunan Aristotil, babu ko ɗaya da ya ba da lambar babi. Sai can na gano asalinta: Will Durant ne, wani marubuci Ba'amurke, ya rubuta ta a 1926 yana taƙaita ra'ayin Aristotil da kalmominsa. Abin da ban manta ba shi ne saƙe-saƙen zuciyata a wannan daren. Tana ta ce mini ai ma'anar ɗaya ce, wa zai lura, ka bar ta kawai. Na daɗe zaune da biro a hannu kafin na soke sunan. Washegari na faɗa wa ajin yadda abin yake, na gode wa ɗalibin.

Ban yi ƙarya da gangan ba. Abin da ya same ni shi ne na samu abin da nake so, sai na daina tambaya. A nan ne halin mai bincike yake fitowa fili, a daidai lokacin da allon ya nuna masa abin da ransa yake so. Labarin da ya saɓa mana mukan bi diddiginsa har gida, mu nemi wanda ya rubuta, mu nemi wanda ya biya shi. Wanda ya dace da ra'ayinmu kuwa ko sallama ba sai ya yi ba, mun buɗe masa ƙofa. Ibnul Haisam, masanin haske da gani wanda ya rasu wajen 1040, ya rubuta a farkon littafin da ya yi na shakku a kan Batlamus, wani masanin taurari na zamanin da, cewa mai neman gaskiya ya mayar da kansa abokin husumar duk abin da yake karantawa, ya tunkare shi ta kowace fuska, sannan ya tuhumi kansa yayin da yake yin haka, don kada ya yi wa marubucin zalunci ko ya yi masa sassauci. Rabin farko kowa yana iyawa. Tuhumar kai ce take da ɗaci.

Kuma son zuciya yana shiga tun kafin sakamako ya fito, tun daga kalmomin da kika rubuta a akwatin bincike. Wanda ya rubuta "illar abu kaza" illa za a jero masa, wanda ya rubuta "amfanin abu kaza" amfani zai gani, kowa ya tashi yana cewa na bincika. A ƙarshen 2023 mujallar Nature ta buga wani nazari na Kevin Aslett da abokan aikinsa da ya nuna abin mamaki: mutanen da aka ce su shiga intanet su bincika gaskiyar wani labarin ƙarya sun fi yarda da shi bayan binciken, fiye da waɗanda ba a ce su bincika ba. Babban dalili shi ne sabuwar ƙarya takan zo da kalmominta, idan ka kwafi kanun labarin ka zuba a injin bincike, shafukan da suka yi amfani da waɗannan kalmomi su ne dai masu yaɗa ta. Don haka nakan ce wa ɗalibai su rubuta tambayarsu sau biyu, sau ɗaya yadda suke so amsar ta kasance, sau ɗaya yadda abokin hamayyarsu zai rubuta ta.

Sai dai kada ki fahimce ni da cewa maganin shi ne ƙin yarda da komai. A wurin Aristotil kowace nagarta tana tsakanin gazawa da wuce gona da iri, kamar yadda jarumta take tsakanin ragwantaka da ganganci. Saurin yarda aibi ne, amma wanda yake cewa duk ƙarya ce, duk siyasa ce, babu masanin da za a saurara, shi ma ya faɗa rami, kuma ramin nasa ya fi wuyar fita domin yana ganin kansa mai wayo ne. Ba wanda zai iya tabbatar da komai da kansa. Dole ki dogara da wasu, aikin shi ne sanin wa za ki dogara da shi kuma a kan me. Sam Wineburg da Sarah McGrew na Jami'ar Stanford sun gwada wannan a 2017. Sun tara masana tarihi goma masu digirin digirgir, da ƙwararrun masu tantance labarai goma, da ɗaliban jami'ar 25, suka ba su shafukan ƙungiyoyi biyu masu suna kusan iri ɗaya, aka ce su faɗi wanda ya fi inganci. Masanan da ɗaliban suka zauna a kan shafin suna karantawa daga sama har ƙasa, suna duba kyan tsari da tambari da lafazin ilimi, da yawansu suka ruɗu. Masu tantancewar kuwa ko minti ɗaya ba su cika yi a shafin ba, suka fita suka buɗe wasu shafukan don jin abin da duniya ta sani game da masu shi, kuma dukkansu suka dace. Ni a ganina tawali'u ne ya cece su. Sun yarda cewa idonsu kaɗai ba zai iya gane shafin da aka ƙawata don yaudara ba. Malaman hadisi sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa suka fara da tambayar wa ya faɗa, daga wa ya ji, kafin su duba abin da aka faɗa.

To bincike nawa ne ya isa? Wannan babu doka a kansa, kuma nan ne wannan mazhaba ta fi sauran gaskiya. Bayanin da za ki saka a kundin digirinki, ko wanda zai sa wani ya daina shan magani, ko ya zubar da mutuncin wani, ba ɗaya yake da neman ma'anar kalma ba. Aristotil ya ware wata nagarta ta hankali da take auna irin wannan, wadda mafi kusa da ita a bakinmu ita ce sanin ya kamata. Ba a haddace ta, a wurin masu ita ake koyonta. Ki nemi malami ko abokiyar karatu da kika san ba ta da gaggawa, ki zauna kusa da ita ki ga yadda take bincike, inda take tsayawa, da inda take cewa ban sani ba.

Wannan kalma ta "ban sani ba" intanet ta sa ta yi tsada. A 2015 Matthew Fisher da abokansa a Jami'ar Yale sun gano cewa mutanen da suka nemi bayani a intanet sukan ɗauka sun fi sanin abubuwa a kansu, har a kan batutuwan da ba su bincika ba. Iyaka tsakanin abin da ke cikin kai da abin da ke cikin waya takan shafe. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira da suke amsa tambaya da lafazi mai santsi sun ƙara wa wannan ruɗu ƙarfi, domin amsa tana zuwa a dafe, babu gumin da zai tuna miki cewa aro ce. Gwajin mai sauƙi ne: ki rufe kwamfutar, ki yi wa wani bayanin abin da bakinki. Inda harshenki ya sarƙe, nan iliminki ya tsaya.

Batun turawa ba zan daɗe a kansa ba, domin kin san shi. A 2018 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka suka bi sawun labarai kusan 126,000 da aka yaɗa a Twitter daga 2006 zuwa 2017, suka ga ƙarya ta fi gaskiya sauri da nisa, har gaskiya takan ɗauki kusan ninki shida na lokacin da ƙarya take ɗauka kafin ta kai mutum 1,500, kuma mutane ne suka fi yaɗa ta, ba na'urori ba. Hadisin da ke gabatarwar Sahihu Muslim ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa ba da labarin duk abin da ya ji. Wanda kika tura wa abu amanarki ya karɓa, bai karɓi ta shafin ba.

Yanzu ga abin da ya fi damunki, wato cikar kai da wofin zuciya. Tomas Akwinas, malamin Kirista na ƙarni na 13, ya raba son sani gida biyu. Akwai himmar nazari, wadda ya lissafa cikin kamun kai, akwai kuma ƙwaƙwa, wato bin kowane abu don kawai sabon abu ne, wadda ya lissafa cikin aibobi. Daga waje kamarsu ɗaya, dukkansu karatu ne, dukkansu buɗe shafi ne. Bambancin shi ne mai himma yana da tambaya da take jansa, mai ƙwaƙwa kuwa duk abin da ya gifta shi yake jansa. Kin shiga neman shekarar da aka buga wani littafi, bayan awa biyu kin tsinci kanki kina karanta rigimar wasu mutane da ba ki sani ba, shafuka ashirin a buɗe, shekarar ma ba ki rubuta ba. Herbert Simon, wani masani Ba'amurke, ya hango haka tun 1971, ya ce yawan bayani hankalin mai karɓarsa yake ci, don haka yalwar bayani talaucin natsuwa take haifarwa.

Ga abin da nake ganin shi ne tushen matsalar. Littafi yana da shafin ƙarshe, ɗakin karatu ana rufe shi, malami yakan gaji ya tashi. Duk waɗannan suna tsayar da mai nema ko bai so ba, sai ya tafi da abin da ya samu ya juya shi a ransa. Intanet ba ta da shafin ƙarshe, kuma da yawa daga cikin manhajoji an gina su ne don kada a tsaya, tunda kuɗin talla da daɗewar ido a allo ake samunsa. Saboda haka tsayawar da a da duniya take yi wa mai karatu kyauta, yau dole daga halinsa za ta fito. Ban ce laifin naki ne ke kaɗai ba. Aristotil kansa ya ce da wuya a tashi da kyakkyawan hali inda dokoki da tsarin gari ba su taimaka ba, kuma ya kamata a matsa wa masu ƙera waɗannan manhajoji lamba. Amma kafin a gyara su, daren yau naki ne.

Aristotil ya ɗaukaka tafakkuri a babi na goma na littafinsa na ɗabi'a domin shi ne aikin da ake yi don kansa, ba don a samu wani abu da shi ba. Har ya ce jin daɗin wanda ya sani ya fi na wanda yake kan nema. Ki lura da wannan, domin intanet ta mayar da mu masu nema na har abada, ba mu zama da abin da muka samu. Imam Gazali ya yi wa tafakkuri bayanin da ban ga wanda ya fi shi amfani ga mai bincike ba. A cikin Ihya'u Ulumiddin ya ce shi ne halarto da sani biyu a zuciya don a samu na uku daga gare su. To ta yaya na ukun zai fito idan kafin biyun su zauna an turo na huɗu da na goma daga waje? Kanki ya cika ne da sani ɗaiɗai waɗanda ba a taɓa barinsu sun haɗu ba.

Shi Gazalin bai faɗi wannan daga nesa ba. Yana koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ɗalibai 300 a gabansa, babu ilimin zamaninsa da bai leƙa ba. Ya ba da labari da kansa cewa da ya duba niyyarsa sai ya ga neman suna da matsayi ne yake tura shi. Ya yi kusan wata shida yana kai-kawo, har harshensa ya ɗaure ya kasa ba da darasi. A 1095 ya bar komai ya tafi Dimashƙa, inda yakan hau hasumiyar masallaci ya rufe ƙofa ya wuni. Abin da mutane suke mantawa shi ne a waɗannan shekaru na keɓewa ya rubuta babban littafinsa, kuma a 1106 ya koma koyarwa a Naisabur. Bai bar ilimi ba, dalilin nemansa ya gyara. Ba a neme ki da shekara goma a hasumiya ba, amma tambayar da ya yi wa kansa ta shafe ki: wannan shafin da zan buɗe, don in fahimta ne, ko don in ci gardama, ko don ina gudun shirun da zai biyo baya idan na rufe?

Abin da nake yi ba shi da yawa. Kafin in kunna kwamfuta nakan rubuta tambayata a takarda, jimla ɗaya, in ajiye ta gefen hannuna. Duk abin da ya burge ni a hanya wanda ba amsarta ba ne, in rubuta sunansa a bayan takardar in wuce, kuma galibi washegari sai in ga ba na ma bukatarsa. Idan na samu abu biyu ko uku masu nauyi, sai in rufe, in kai wayar wani ɗaki, in dawo in zauna da takardar kaɗai kamar rabin awa. Minti goman farko azaba ne, ba zan ɓoye miki ba. Hannu yana lalube, zuciya tana kawo uzuri iri-iri, wai akwai abu ɗaya da ya rage a duba. Idan na daure sai ƙurar ta lafa, in fara jin wata jimla da na karanta da safe tana magana da wata da na karanta shekarun baya, wani lokaci in gane cewa tambayar tawa ma ba daidai na yi ta ba. Wasu ranakun babu abin da yake fitowa, in tashi hannu rabbana, amma ko a ranakun nan barcina daban yake.

Ki fara da kwata ɗaya na awa a daren yau. Ki zaɓi sakin layi ɗaya daga cikin duk abin da kika karanta, wanda ya fi tsaya miki a rai, ki kwafe shi da hannunki, ki rufe sauran shafukan ko da ba ki gama su ba. Idan kika yi mako biyu a haka, ki sake rubuto mini, ina so in ji wane sakin layi ne kika fi daɗewa a kansa.